Akwatin hoto na katako: me ya sa fuskoki ke fita baƙi ƙirin?

Abban Husna: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Agaji nake nema. Wata biyu ke nan ina fama da wani akwatin ɗaukar hoto da na haɗa da hannuna, irin na masu hoton bakin titi a Afganistan, wanda suke kira kamra-e-faoree, wato kyamarar nan-take. Ga wanda bai taɓa gani ba, akwatin katako ne a kan ƙafafu uku. A gaba akwai ido, wato gilashin da haske ke bi ya shiga, a gefe akwai baƙin hannun riga da kake zura hannunka, a ciki kuma takardar hoto ce da 'yan kwanoni biyu na maganin wanki. A nan za ka ɗauka, a nan za ka wanke. Dodo ne ke fara fitowa a takarda, wato hoton da fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, sai ka manna shi a wani ɗan allo gaban idon ka sake ɗaukarsa, ya juye ya zama hoton gaske.

Nawa da filawud na yi shi, tsawonsa ta ciki santimita 35. Idon daga wani mataccen injin fotokwafi na ciro. Hannun rigar kuwa ƙafar tsohon wandona ce, kada ku yi dariya. Matsalata biyu. Na ɗauki ƙanena sanye da farar shadda, rigar ta fito fes, amma fuskar baƙi ƙirin, haƙora da fararen ido kawai ake gani. Uwargida ta ce wannan ai aljani na ɗauko. Na biyu, in na zo juya dodon, ko dai hoton ya fito ƙarami ko ya fito dishi-dishi. Ina kuskuren yake?

Yaro Mai Waya: Yaya, tsakani da Allah, mene ne na wahalar? Wayar da ka rubuto wannan da ita za ta ɗauki ƙanen naka sau ɗari kafin ka gama zura hannu a ƙafar wando.

Abban Husna: Ƙanena, ka bari a ba ni amsa tukuna, sai mu dawo kanka.

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam. Bari in fara da ta biyun, don lissafi ne kawai. Ka fita da idon waje, ka riƙe shi gaban bango, ka yi ta matsawa har hoton wata bishiya mai nisa ya fito tsaf a bangon, sai ka auna tsakanin idon da bangon. Wannan shi ne tsawon saitinsa. In kana so hoto ya fito daidai girman dodo, dole takarda ta ja baya ninki biyu na wannan awon, dodon ma ya tsaya ninki biyu a gaba. Auno ka faɗa mana.

Abban Husna: Na auna, Malam. Santimita 20, ko da 'yar ɗoriya.

Malamin Kimiyya: To ka ga ɓarawon. Santimita 40 kake buƙata a baya, kai kuma 35 gare ka, a ciki ma allon saiti, inda takarda ke zama, ya ci wani abu. Ko ka ja shi har ƙurya, hoton ba zai wuce kashi uku cikin huɗu na dodon ba. In ka matso da dodon don ya ƙara girma, saiti ya kuɓuce, shi ne dishi-dishin da kake gani. Sannan ka sani, a wannan nisan hasken da ke isa takarda yana raguwa sau huɗu, don haka lokacin juyi ya fi na ɗaukar farko tsawo.

Kafintan Layi: Kada ka farfasa akwatin. Nemi bututun roba irin na masu gyaran famfo, mai faɗin da idon zai shiga, ka yanko kamar santimita 8, ka kafa a gaba, idon ya zauna a bakinsa. Cikin bututun ka shafa baƙin fenti marar sheƙi, irin na allon makaranta. Mai sheƙi yana mayar da haske ya ɓata maka aiki. Ina fata cikin akwatin ma haka ka yi? Kuma duk mahaɗar katako ka sa mata ɗan dakali ta ciki, gam da ƙusa kaɗai ba sa tare haske. Da dare ka kunna tocila ka rufe a ciki, ka kashe fitilar ɗaki, ka zagaya. Inda ka ga ɗigon haske, nan ne.

Baba Mai Hoto: Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Shi ya nuna mini hoton akwatin nan, na ce kai, ashe abin nan bai mutu ba. Ɗana, wannan ba na Afganistan kaɗai ba ne. Da irinsa na fara cin abinci a bakin kasuwa. Mu wet-an-get muke ce masa, Turancin 'yan kudu ne, wato jira ka karɓa. Hoton fasfo muke yi wa masu neman lasin, da 'yan makaranta, da masu neman aiki. Labule baƙi a jikin bango, benci ɗaya, bokitin ruwa a ƙarƙashin akwati. Mutum ya tafi da hotonsa yana ɗiga.

Maganar baƙar fuska kuwa, ba akwatinka ba ne, takardar ce. Haka halinta yake tun fil azal. Da farko, a ina ka zaunar da yaron?

Abban Husna: A tsakar gida, Baba, wajen ƙarfe ɗaya na rana. Na ɗauka yawan hasken zai taimaka.

Baba Mai Hoto: Subhanallahi. Rana tsaka, ga farar shadda. Ai ka haɗa wa kanka zafi biyu. Inuwa ake nema, ɗana, amma inuwa mai buɗaɗɗen sama, kamar gindin dogon bango, mutum yana fuskantar fili. Ba ƙarƙashin bishiya ba, ganye zai yi masa dabbare-dabbare a fuska. Ka ba wani yaro farin kwali ko farin zane ya riƙe daga ƙasa yana mayar da haske ƙarƙashin haɓa. Kuma fuska ake ɗauka, ba riga ba. Ka ba fuska lokacinta, rigar in ta ga dama ta ƙone.

Sai abin da ba a faɗa wa almajiri sai ya yi shekara yana wanke bokiti. Bayan dodo ya fito, za ka ga fuskar fara fat. Muna da ɗan jan ruwa a kwalba, sai a dangwala da yatsa ko auduga a shafa a fuskar dodon, shafawa ɗaya mai sauƙi. In ka sake ɗauka, fuska ta washe.

Malamin Kimiyya: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya faɗi a layi uku abin da zan yi shafi ina zagayawa. Dalilin shi ne takardar hoto makauniya ce ga jan haske, shi ya sa ake wanke ta ƙarƙashin jar fitila, shi ya sa kuma 'yar tagar leƙen da ke jikin akwatin take da jan gilashi. Shuɗi take gani sosai, takardu irin su Ilford Multigrade kuma suna ganin kore. Fatarmu kuwa yawancin abin da take mayarwa ja-ja ne, shuɗin kaɗan ne. To a wajen takarda kamar ba a kunna wa fuskar fitila ba. Jan da Baba ke shafawa a dodo, takarda ta biyu kallon baƙi take yi masa, baƙi a dodo kuwa fari ne a hoto. Masu akwatin Kabul ma haka suke yi, suna shafa ja a fuskar dodo.

Maman Ilham: Baba, a gafarce ni, amma in tambaya. Wannan ba shi ne bilicin ɗin da muke faɗa da 'yan mata a kansa ba? Yau muna zagin manhajar waya da ke mayar da baƙa fara, ashe tun zamaninku ake yi, da yatsa.

Baba Mai Hoto: 'Yata, kin yi tambaya. Akwai masu cika hannu, ban musa ba. Wani ango zai ce a fito da shi kamar Balarabe, a lafta ja har hancinsa ya ɓace, fuska ta zama kamar faranti. Wannan ƙarya ce. Amma in na bar dodo yadda takarda ta ba ni, shi ma ƙarya ne, don mutumin da ke zaune a bencina ba haka Allah ya yi shi ba. Yana da goshi mai sheƙi, yana da tsage a kumatu, takarda ta shafe duka. Ni kuma hoton da zan bayar, ma'aikaci zai duba ya dubi mai shi. In tsagen bai fito ba an dawo mini da shi.

Maman Ilham: Na ji wannan, Baba. Amma har yanzu ina ganin in akwai hanyar da fuska za ta fito da kanta ba a taɓa ta ba, ta fi. Yatsan mai hoto ba shi da ma'auni. Yau ya gyara, gobe ya ga mai kuɗi ya ƙara.

Malamin Kimiyya: Akwai, Hajiya, har uku, sai dai kowace da kuɗinta. Za a iya sa gilashi mai ruwan ɗorawa a gaban ido. Yana rage shuɗi, a takardar Multigrade kuma hakan na sassauta tazarar fari da baƙi, amma lokacin ɗauka zai ƙaru, mai zama ya ƙara daskarewa. Za a iya ɗanɗana wa takarda haske kaɗan kafin ɗauka: ka rufe idon da farar takarda, ka buɗe murfi ƙiftawa ɗaya, gwargwadon da in an wanke ta a haka da ƙyar za a ga ta sauya. Wannan yana tayar da ita daga barci, sai ɗan hasken fuska ya kama. Ta uku, a tsinka maganin fito da hoto da ruwa fiye da yadda aka rubuta a kwalba. Ni da zan haɗa inuwar Baba da ɗanɗanon hasken, in ajiye ja don ranar da ta ɓaci.

Ɗan Maraɗi: Ina bin ku tun ɗazu. In ƙara wa Abban Husna wani abu kan Afganistan ɗin, tunda can ya samo. Abin da ya yaɗa akwatin nan a ƙasar shi ne katin shaida, tazkira, lokacin da hukuma ta ce a riƙa manna hoto a jikinsa wajen shekarun 1950. Ƙauyuka ba lantarki, ba ɗakin wanki, sai akwatin da ke ɗauke da ɗakin wankinsa a ciki. Ko a mulkin Taliban na farko, 1996 zuwa 2001, da aka hana hoton mutane, an ƙyale hoton katin shaida, shi ya sa masu akwati suka rayu. Wanda ya kashe sana'ar shi ne dijital. A 2011 ne wani ɗan Ostiriya, Lukas Birk, da wani ɗan Ayilan, Sean Foley, suka shiga bin sauran masu yi a Kabul da Herat da Mazar-i-Sharif har Peshawar ta Pakistan, suna rubuta yadda ake haɗawa da yadda ake aiki da shi. 

Kuma Baba ya yi gaskiya, ba nasu ba ne su kaɗai. A Sifen minutero ake ce wa mai shi, don hoto na fita cikin mintoci. A Barazil lambe-lambe, wato lasa-lasa. A Havana ta Kyuba an daɗe ana ganinsu gaban ginin Capitolio suna ɗaukar baƙi. Dodon takarda kansa ya girmi duk waɗannan, tun 1841 Baturen Ingila Fox Talbot ya yi rajistar hanyarsa.

Ɗan Zongon Kumasi: Nan Gana ma wet-an-get ɗin ne sunansa. Kakata tana da guda a cikin adakarta, ita da goyo, ya koma ruwan ƙasa ta gefe ɗaya. Baba, me ke sa haka?

Baba Mai Hoto: Gaggawa. Ba a bar shi ya jima a haifo, maganin kwano na biyu, ba, ko ba a ɗauraye shi sosai ba. Mai hoto na ganin layi, bokiti ɗaya tun safe ba a canja ruwa ba. Mu ma mun yi, Allah ya yafe mana.

Abu Sumayya: Ni dai tunda an ambaci Taliban, ya kamata a tsaya a duba hukuncin hoton kansa kafin a koya wa mutane haɗa akwati.

Shugaban Zaure: Malam Abu Sumayya, mun sha yin wannan a nan, malamai sun yi maganganunsu, kowa ya san wanda yake bi. Wannan zaren na sana'a ne. A ci gaba.

Yaro Mai Waya: Haifo? Wanda ake wanke farin kaya da shi? Ai akwai a kowane shago.

Malamin Kimiyya: A'a! Don Allah kowa ya ji wannan da kyau. Hypo na shago ruwan bilic ne na wanki, suna ne kawai ya zo ɗaya. Haifon masu hoto wani gishiri ne, sodiyam tayosalfet, aikinsa ya narkar da sauran azurfar da haske bai taɓa ba don hoto ya daina jin haske. In ka zuba na shago hoton zai cinye, in kuma ya haɗu da wasu magungunan ya tayar da iskar da za ta shaƙe ka, ga fuskarka manne da akwati. Haifon masu hoto da aka gama aiki da shi ma akwai azurfa a ciki, kada a zuba inda kaji ko yara za su kai.

Abban Husna: Malam, tunda an zo kan magani, nan ne aljihuna ke kuka. Takarda da magani duk daga waje ake kawowa. Fakitin farko da na saya a wani shago, yaron shagon buɗewa ya yi a gabana zai ƙirga mini, wai kada in ce an cuce ni. Kafin in yi ihu ya zare baƙar ledar. Duk ta tashi aiki. Na ji ana wanke hoto da kofi, gaskiya ne?

Malamin Kimiyya: Gaskiya ne, kafenol ake ce masa. A 1995 wani ajin ɗalibai a cibiyar fasaha ta Rochester a Amurka ya gwada shi. Garin kofi mai narkewa, da sodar wanki, da garin bitamin C. Yana fito da hoto, sai dai a hankali, yana rina takarda ruwan ƙasa, ga wari kamar an jiƙa tsohon takalmi. A akwatin titi da mutum ke jira, ba zan ba ka shawararsa ba. Kuma fito da hoto kawai yake yi, bai maye gurbin haifo ba.

Maman Ilham: Kanwa fa? Ba ita ce sodar ba?

Malamin Kimiyya: 'Yar'uwarta ce, Hajiya. Akwai sodar a cikinta, amma gauraye da wata soda mai rauni da gishiri da ƙasa, kuma ta yau ba ƙarfinta ɗaya da ta gobe ba. Wanda ya rasa sodar wanki ya gasa bakin soda ta kek a tanda, zafi na mayar da ita sodar wanki.

Wani abin da zai dame ka a Kano shi ne zafi. An tsara magungunan nan a kan digiri 20, inda takarda mai rufin roba ke fitowa cikin kamar minti ɗaya. Akwatin da ya sha rana a watan Afrilu kuwa tukunya ce. Hoto zai taso cikin 'yan daƙiƙu, kafin ka cire ya wuce.

Baba Mai Hoto: Jiƙaƙƙen buhu muke yafa wa akwati, kwalaben magani kuma a cikin bokiti. Sannan hannu, ɗana. Hannu ɗaya ne a ciki, kuma makaho ne. Yatsun da suka taɓa haifo in suka koma kan sabuwar takarda, za ka ga zanen yatsanka fari a goshin mutum. Babban yatsa da manuni na busasshiyar takarda ne, jiƙaƙƙiya kuma da ɗan hantsaki ake ɗaga ta. Kwanon farko kullum a wuri ɗaya, na biyu a wuri ɗaya, har hannunka ya haddace. Maigidana sai da ya sa na yi sati ina yi da yankakken kwali, idona a rufe.

Abban Husna: Baba, lokacin buɗe murfi fa? Nawa ba shi da abin ƙyastawa, da hannu nake cirewa in mayar.

Baba Mai Hoto: Namu ma haka ne. Da baki ake ƙirgawa. Kuma kada ka fizge murfin, akwati zai girgiza. Ka sassauta shi tukuna, ka tsaya, sannan ka ɗauke. Kafin nan ka ce wa mutum ya jingina ƙeyarsa da bango, ya ja numfashi ya riƙe. Shi ya sa ba ka ganin dariya a hotunan da. Ba fushi muke yi ba, murmushi ne ba ya tsayuwa.

Malamin Kimiyya: In sa wa ƙirgar Baba lamba. Saurin takarda wajen 3 zuwa 6 ne a ma'aunin ISO, wato ma'aunin saurin jin haske, wayarka kuwa tana haura dubu. Yanke baƙin kwali ka huda rami mai faɗin milimita 12 ka sa a jikin idon. Da tsawon saiti na santimita 20, ka samu kusan f/16 ke nan, wato tsawon saitin ya ninka faɗin ramin kusan sau 16. A rana tsaka wannan ramin zai nemi ƙasa da rabin daƙiƙa, hannu ba zai iya ba. A inuwar bango kuwa daƙiƙa biyu zuwa huɗu, daidai hannu. Ka yanka takarda ɗaya gida huɗu ka gwada 2, 3, 4, 6, kada ka ƙona cikakkiya.

Ɗan Maraɗi: Kafintan Layi, kai ma ka haɗa naka mana. Seydou Keïta na Bamako, wanda hotunansa suka zagaya duniya, aikin kafinta ya fara koya wajen mahaifinsa kafin ya buɗe wurin hotonsa a 1948.

Kafintan Layi: Ni katako na sani. Amma in Abban Husna zai kawo, zan yi masa allon saiti mai tafiya a kan sanduna biyu, da gilashin da aka goge da man goge bawul na makanikai har ya yi hazo. Ya fi takardar mai da na hango a hotonsa.

Yaro Mai Waya: Yaya, ka ce za a dawo kaina. Har yanzu ban ji amfanin ba. Akwai ma takardar da ke ba da hoto kai tsaye ba sai an juya ba, na gani a intanet.

Malamin Kimiyya: Akwai, Harman ke yin ta. Amma hagu na komawa dama kamar a madubi, don juyi na biyun ne ke daidaita hoto. Tazarar fari da baƙinta ma ta fi tsanani, kuma babu dodon da Baba zai shafa wa ja.

Abban Husna: Ƙanena, ba ni da amsar da za ta gamsar da kai. Abin da na sani, ranar da na leƙa ta jar tagar nan na ga fuska na tasowa daga farar takarda a cikin kwano, sai da na yi kabbara, ko da yake aljanin ne ya fito. Husna kuma, da ba ta tsayawa a ɗauke ta a waya, ta zauna ƙam har daƙiƙa biyar don tana so ta ga abin da ke cikin akwati.

Abban Husna: Jama'a, na dawo bayan kwana huɗu. An sa bututu, an toshe ramuka biyu da tocila ta tona, ɗaya a bakin hannun wandon ne. Na zaunar da ƙanen nawa gindin katangar makwabta bayan la'asar, riga ruwan toka, Husna na riƙe da farin kwali. Ɗanɗanon haske, sannan daƙiƙa 4. Ga shi nan na ɗora, dodo da hoto gefe da gefe. Ban shafa ja ba, Hajiya.

Maman Ilham: Ma sha Allah. Har ɗan tabon da ke girarsa ya fito. Kun gani ko, Baba?

Baba Mai Hoto: Na gani, 'yata, ya yi. Amma wannan yaron wankan tarwaɗa ne. A kawo masa baƙin Bahaushe irina a ranar da hazo ya rufe gari, sannan mu yi magana. Ɗana, wancan farin tabon da ke kafaɗarsa ta hagu, yatsan wa ne?

Abban Husna: Nawa ne, Baba.

Baba Mai Hoto: To a koma kan kwali. Sati ɗaya, ido a rufe. In ka gama ka zo da akwatin, jikana zai turo maka kwatance. Ina da sauran jan nan a wata kwalba, in bai bushe ba.